A Sawun Ƙadandoniya: Daga Bamburi zuwa Kurmin Arabuko-Sokoke

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Nairobi ya isa tashar Miritini da ke bayan garin Mombasa jim kaɗan bayan azahar, a cikin watan Mayu, lokacin da babbar daminar gaɓar tekun Kenya, wadda mutanen wurin ke kira masika, take kan ganiyarta. Aikin da ya kai ni ƙasar, wato wani taro a kan irin shuka, ya riga ya ƙare, kuma ina da sauran kwana biyar kafin ranar komawata Kano, saboda haka na yanke shawarar in gangara bakin teku. Da na isa masaukina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana ɗaukewa kuma na fito tsakar gida, sai na tarar da bango da gindin bishiyoyi da bakin rijiya duk sun cika da ƙadandoniya. Baƙaƙe ne wuluk, masu sheƙi kamar an shafa musu mai, ƙafafunsu kuma jajaye zur, kowace ta kai tsawon tafin hannuna. Matar da ke kula da masaukin ta ga na tsaya ina kallo, ta ce mini sunanta jongoo da Suwahili, amma baƙi sun fi saninta da laƙabin jirgin Mombasa. Da na sunkuya na dube ta da kyau na ga dalilin laƙabin, domin tafiya take sumul a kan layi ɗaya, zobban jikinta a jere kamar taragai, ƙafafun kuma suna juyawa a ƙarƙashi ba tare da jikin ya girgiza ba.

Ni ba baƙon wannan halitta ba ne, kuma sanin da na yi mata tun farko ba na alheri ba ne. A gonar gyaɗar mahaifina na tashi, kuma a wurinmu ƙadandoniya abokiyar gaba ce. Da zarar ruwan shuka ya sauka sai ta fito daga inda ta yi kwanton rani, ta bi ramin shuka ta cinye ƙwayar gyaɗa tun tana tsiro, idan kuma gyaɗa ta fara zuba 'ya'ya sai ta huda kwanson tun yana ɗanye. Daga baya, da na yi karatun aikin gona, na san cewa waɗanda ke yi mana wannan ɓarna galibi 'yan wani jinsi ne da masana ke kira Peridontopyge, wanda manoman gyaɗa suka sani tun daga Senegal da Mali har zuwa Nijar da arewacin Nijeriya, kuma hudar da suke yi wa kwanso ita ce ke buɗe wa fumfuna mai haifar da gubar afalatoksin hanya. Muna yara da bakin fartanya muke sare duk wadda muka gani, babu wanda ya taɓa hana mu. Da wannan tsohuwar ƙiyayya na tsaya a tsakar gidan nan na Mombasa, kuma da matar ta ce mini akwai wani wuri a arewacin gari da aka tara waɗannan halittu da gangan aka zuba su don su yi aiki, sai na ji lallai sai na je na gani da idona.

Wurin shi ne Haller Park, a unguwar Bamburi, kusa da masana'antar siminti da ta fara aiki a 1954. Ƙasar wannan yanki dutsen farar ƙasa ce wadda asalinta murjanin teku ne, kuma shi ake fasawa a yi siminti. Bayan an kwashe dutsen abin da ya rage fili ne fari fat, mai ƙuna da rana, ruwan da ke ƙarƙashinsa kuma da gishiri-gishiri. A 1971 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Suwizalan mai suna René Haller, wanda yake yi wa kamfanin aiki tun 1959, ya fara gwada raya wannan kufai. Ya dasa itatuwa iri 26, uku kaɗai suka rayu, kuma wanda ya fi jurewa a cikinsu shi ne kasuwarina, wanda Suwahilawa ke kira mvinje, itace mai siraran rassa kamar allurai, wanda ke da ƙwayoyin halitta a saiwarsa da ke samar masa da sinadarin naitirojin daga iska. Sai dai an sami cikas, domin alluran da itacen ke zubarwa suna da ɗaci da tauri, ba sa ruɓewa da wuri, sai suka yi ta taruwa a kan dutse, babu ƙasar da wani tsiro zai kafa saiwa a ciki. Haller ya lura cewa ƙadandoniya mai jan ƙafa, wadda sunanta na kimiyya Epibolus pulchripes, tana cin waɗannan busassun allurai, sai ya sa aka tattaro ta daga dazuzzukan kusa aka sake ta a gindin itatuwan.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da na taka da ƙafata. Na shiga wurin da hantsi, na sami kurmi mai duhun inuwa, da tafkuna, da raƙuman dawa da dorinar ruwa da manyan kunkuru, har mutum ba zai yarda cewa shekaru hamsin da suka wuce ko ciyawa ba ta fita a nan ba. Sauran maziyarta suka nufi wajen dabbobi, ni kuwa na nemi izinin ma'aikacin da ke tare da mu na tsuguna a gindin wani tsohon mvinje na tona da yatsa. A sama akwai alluran da suka zubo kwanan nan, masu launin ƙasa-ƙasa. A ƙarƙashinsu akwai wasu da suka yi laushi suka fara baƙi, ƙadandoniya uku na kwance a ciki. Da na ƙara nutsa yatsa sai na iske wani abu baƙi mai danshi, ƙwaya-ƙwaya kamar gero, mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, kuma wannan kashinsu ne da ya taru shekara da shekaru. Ƙasa da shi kaɗan farcena ya daki farin dutse. Tsakanin dutsen nan da tafin takalmina duk abin da ke wurin ya ratsa ta cikin hanjin wannan halitta, kuma a cikinsa ne aka dasa ɗaruruwan irin itatuwan gida da suka maye gurbin kasuwarina daga baya. Na daɗe a tsugune da baƙar ƙasar a tafin hannuna.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya san taki. Ƙadandoniya ba ta amfana da yawancin abin da take ci. Kaɗan ne jikinta ke tsotsa, sauran kuma ta fitar da shi, amma ta fitar da shi a niƙe, a jiƙe, gauraye da ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinta. Ganyen da zai shekara a ƙasa bai ruɓe ba, idan ta tauna shi ta mayar da shi ɗaruruwan ƙananan dunƙule, sai fumfuna da bakteriya su sami ta inda za su kama shi ta kowane gefe, su ƙarasa aikin cikin ɗan lokaci. Matsayinta a daji kamar na mai surfe da niƙa ne a gida, wadda ba ita ke tuƙa tuwo ba, amma idan ba ta yi nata ba tukunya ba za ta hau wuta ba.

Washegari na hau ƙaramar bas, irin wadda suke kira matatu, na nufi arewa ta Mtwapa, muka haye doguwar gadar Kilifi, muka sauka a Gede, tafiyar kimanin kilomita 100. Gede ta yi suna saboda kangon tsohon birnin Suwahilawa da ke cikinta, mai masallatai da fada da rijiyoyi na dutsen murjani, wanda aka yi ƙaura daga cikinsa a ƙarni na 17. Amma ni abin da ya kawo ni yana ɗaya gefen titin, wato kurmin Arabuko-Sokoke, wanda girmansa ya kai murabba'in kilomita 420, kuma shi ne yanki mafi girma da ya rage na kurmin da a da ya bi gaɓar tekun gabashin Afirka. A ofishin gandun daji aka haɗa ni da ɗan jagora, wani dattijo ɗan ƙabilar Giriyama, siriri, mai magana a hankali. Da ya ji cewa na taɓa koyarwa sai ya riƙa kirana Mwalimu, wato malam, ni kuma ina ce masa Mzee kamar yadda ake girmama dattijo a can. Ya ce yawancin baƙinsa tsuntsaye suke zuwa nema, musamman wata 'yar ƙaramar mujiya da ta ɗauki sunan kurmin, ko kuma wata dabba mai dogon hanci da ɗuwawu ruwan zinariya da ke gudu a cikin ganye. Da na gaya masa cewa babbar jongoo nake so in gani, ya ce to sai mu fita da sassafe, tun ƙasa ba ta sha iska ba, kuma mu yi fatan a yi ruwa da dare.

An kuwa yi ruwan. Bayan na yi sallar asuba muka shiga. Kurmin kashi uku ne, kuma ƙasa ce ta raba shi. Ta wajen gabas akwai gauraye mai duhu da manyan itatuwa, cikinsu har da mbambakofi, wanda da na ga kwansonsa na gane ɗan'uwan kawonmu ne. Daga nan sai a fita wani fili mai farin rairayi inda itacen mrihi ya yi sarauta, inuwarsa shara-shara, wanda ya tuna mini da dajin doka na kudancin ƙasar Zazzau, kuma dangi ne su biyun. Can ciki kuma sai jar ƙasa mai cunkoson gajerun itatuwa, wadda ita ce ta fi faɗi. A iyakar kashi na farko da na biyu ne Mzee ya tsaya cak, ya nuna mini wani ruɓaɓɓen gungume da sandarsa. Da farko na ɗauka maciji ne, har na ja da baya. Baƙa ce, kaurinta ya kai na babban yatsana, tana gangarowa daga kan gungumen a natse. Na ajiye ma'aunin da nake yawo da shi a gefenta, ta kai santimita 26. Wannan ita ce Archispirostreptus gigas, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, wadda takan haura santimita 30, kuma takan rayu shekara 5 zuwa 7, wani lokaci fiye da haka idan ana kiwonta.

Mzee ya ce, "Mwalimu, miƙa hannunka, ba ta cizo." Na miƙa, ta taɓa yatsana da 'yan ƙahonninta biyu masu laushi, tana ɗaga su tana saukewa kamar makaho da sandarsa, sannan ta hau. Idanu tana da su, gungun ƙananan ɗigo a kowane gefen kai, amma abin da suke iya bambancewa bai wuce haske da duhu ba, da ƙahonnin nan take jin ƙamshi da ɗanɗano da danshi. Tafiyarta a kan fata kamar a ja maka burushi mai tauri ne a hankali, kowace ƙafa da ɗan farcenta guda. A nan na sami damar kallon abin da ban taɓa tsayawa na kalla ba duk tsawon shekarun da na yi ina sare 'yan'uwanta. Ƙafafun ba tare suke motsi ba, kuma ba a hargitse ba. Kowace tana ɗagawa ne jim kaɗan bayan ta bayanta, sai motsin ya zama igiya mai tahowa daga wutsiya zuwa kai, kamar yadda iska ke bi ta kan gonar alkama a kadadar Kadawa. A kowane lokaci yawancin ƙafafun suna ƙasa suna turawa, shi ya sa ba ta da sauri amma tana da ƙarfin kutsawa, ta sa kai a ƙarƙashin ganye ko cikin ƙasa mai laushi ta ture shi kamar garma.

Na ƙirga zobban jikinta sau biyu, na samu sun ɗan haura 60. Zoben farko da ke bayan kai, mai faɗi kamar wuyan riga, ba shi da ƙafa ko ɗaya. Uku da ke biye da shi kowanne ƙafa biyu gare shi. Daga nan har kusa da wutsiya kowane zobe ƙafa huɗu ne, biyu a dama biyu a hagu, saboda kowane zobe a haƙiƙa gaɓoɓi biyu ne da suka manne suka zama ɗaya. Idan aka yi lissafi za a samu ƙafafunta sun kai wajen 240. Wannan ƙafa huɗu a zobe guda ita ce babbar alamar da ta raba ƙadandoniya da shanshani, waɗanda mutane da yawa ke haɗawa a ƙarƙashin tsoro ɗaya. Shanshani ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, jikinsa a baje yake, yana da gudu, mafarauci ne, kuma yana da ƙayoyin dafi a ƙarƙashin kansa. Ƙadandoniya kuwa ba ta da dafin harbi, bakinta na tauna ruɓaɓɓen ganye ne da itace. Turawa suna kiranta da sunan da ke nufin mai ƙafa dubu, kuma an daɗe ana cewa zuguguwa ce kawai, domin wadda ta fi kowa, wata 'yar siririya a jihar Kalifoniya ta Amurka, 750 take da su. Sai a 2021 aka bayyana wata da aka zaƙulo daga ramin haƙar ma'adinai mai zurfin mita 60 a yammacin Ostareliya, mara ido, mai kaurin zare, wadda aka ƙirga mata ƙafa 1,306.

Ina cikin juya ta don in ga cikinta sai ta ji an matsa mata, nan take ta naɗe kamar gammo, kai a tsakiya, ƙafafu duk a ciki, bayanta mai tauri a waje. Taurin nan na sinadarin kalshiyam ne, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, shi ya sa suka fi yawa a inda ƙasa ke da farar ƙasa, kamar wannan gaɓa ta murjani. Sannan na ji danshi a yatsuna, na duba na ga wani ruwa rawaya-rawaya mai warin aidin yana tsattsafowa daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a gefen jikinta, ɗaya a kowane gefen zobe. Mzee ya zuba mini ruwa daga gorarsa ya ce in wanke, kada kuma in kuskura in taɓa ido. Sinadarin da ke cikin ruwan ana kiransa benzokwinon, yana da ɗaci da yaji ga duk dabbar da ta sa ta a baki, a ido kuma yana iya yin illa sosai. A fata rini yake yi, kafin azahar yatsuna uku sun yi ja-ja-baƙi kamar na sa lalle. Wasu danginta masu faffaɗan baya gubar sayanayid suke fitarwa a maimakonsa. Abin mamaki shi ne akwai dabbobin da suka mayar da wannan makami magani: a Madagaska wasu dabbobi dangin biri da ake kira lemu, haka kuma wasu birai a Benezuwela, sukan kama ƙadandoniya su ɗan cije ta don ta fitar da ruwan, su shafe gashinsu da shi, kuma an tabbatar cewa sinadarin yana korar sauro.

Da ta saki jiki ta warware sai na ga wasu ƙananan ƙwari jajaye-jajaye, dangin kaska, suna kai da kawo a tsakanin ƙafafunta. Ba jininta suke sha ba, a jikinta suke zaune suna tsintar abin da ya maƙale. Mzee ya ɗaga gabanta a hankali ya nuna mini zobe na bakwai, inda aka sami giɓi kamar an cire ƙafafu. Ya ce wannan namiji ne. A wannan zobe ƙafafun namiji sun rikiɗe sun zama gaɓoɓin barbara da ke ɓoye a cikin jiki, kuma da yake mafitar maniyyinsa tana can gaba kusa da kai, sai ya lanƙwasa ya ɗebo shi da waɗannan gaɓoɓi kafin ya miƙa wa mace. Siffar gaɓoɓin ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i kamar yadda makulli ya bambanta da makulli, kuma da ita masana ke tantance nau'o'in ƙadandoniya sama da 12,000 da aka rubuta sunayensu, domin a ido da yawansu kamarsu ɗaya. Mace takan shiga ƙasa mai danshi ta zuba ƙwai, a nau'o'i da yawa kuma takan lulluɓe su da ƙasa da kashinta. Ɗan da ya ƙyanƙyashe fari ne, zobbansa kaɗan, ƙafafunsa shida kacal. Duk lokacin da ya yi saɓa sai ya ƙara zobba da ƙafafu, saboda haka wanda ke hannuna ya yi shekaru yana tara nasa. Lokacin saɓa shi ne mafi haɗari a rayuwarta, don haka takan haƙa ɗan ɗaki a ƙasa ta shige har sabon jikin ya yi tauri, sannan ta cinye tsohuwar fatar don kada kalshiyam ɗin ya tafi a banza.

Na tambayi Mzee ina suke shiga da rani, domin ya ce a watan Fabrairu mutum zai yini a kurmin bai ga ko ɗaya ba. Ya buga ƙasa da sandarsa. Raunin wannan halitta shi ne ƙishirwa. Numfashi take yi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke kusa da gindin ƙafafu, fatarta kuma ba ta da kakin da ke hana ruwan jikin ƙwari irin su fara da buzuzu tsiyayewa, saboda haka iska mai bushewa tana iya kashe ta. Shi ya sa take fita da dare ko bayan ruwa, da rana ta fake a ƙarƙashin gungume, idan rani ya yi kuma ta nutse cikin ƙasa ta naɗe ta jira. Nan take na tuna da gonarmu, inda suke ɓacewa ɗungurungum daga kaka har bazara, ruwan farko kuma ya fito da su kamar daga sama aka zubo su.

A kan hanyarmu ta komawa ya kauce da ni gefe ya nuna mini wani wuri da tunkun jibda ya mayar makewayinsa, domin dabba ce mai komawa wuri ɗaya kullum. Tarin kashin cike yake da fararen zobba kamar an tsinka tsakiyar wuya an watsar. Zobban jongoo ne da rana ta ƙone su suka yi fari. Tunkun jibda yana daga cikin dabbobi ƙalilan da ɗacin ruwan nan bai dame su ba, tunku ma yana cinta, akwai kuma wasu ƙwari masu tsinin baki da ba su da wani abinci sai ita. Na ɗauki zobe ɗaya na murza, ya ruguje ya zama gari kamar alli. A kurmin da ke tsaye a kan farin rairayi, wanda ruwan sama ke wanke duk wani abin amfani daga cikinsa, wannan garin ma ba ƙaramin abu ba ne, domin dukiyar irin wannan daji ba a cikin ƙasa take a ajiye ba, tana yawo ne tsakanin ganyen da ke sama da 'yar shimfiɗar da ke ƙasa, kuma masu tauna ganyen su ne ke riƙe da hanyar. Zuriyarsu ta daɗe a wannan aiki. A kusa da garin Stonehaven na Sukotlan an sami burbushin wata 'yar ƙaramar ƙadandoniya a cikin dutsen da masana suka ƙiyasta ya haura shekara miliyan 400, da ƙofofin numfashinta a bayyane, tana cikin halittu mafiya daɗewa da aka san sun shaƙi iska a doron ƙasa. A 2018 kuma, a bakin tekun arewacin Ingila, wani dutse ya faɗo ya tsage, aka ga sawun jikin wata tsohuwar 'yar'uwarsu mai suna Arthropleura wadda aka ƙiyasta tsawonta ya kai mita 2.6.

Da muka zauna shan shayi a bakin titi na ba Mzee labarin gyaɗarmu da fartanya. Bai yi mamaki ba, ya ce su ma manomansu ba sa ƙaunarta, kuma ƙyamarta ta kai har Suwahilawa suna da karin magana a kan jefar da jongoo tare da sandan da aka ɗauke ta da shi, wanda suke faɗa idan ana so a rabu da abu rabuwa ta har abada. Ban ga laifin manomin da ya ga shukarsa ta lalace ya ji haushi ba, domin ɓarnar gaskiya ce, na kuma gan ta tun ina yaro. Amma a ganina akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. A gonakinmu muna kwashe harawa da karmami mu kai wa dabbobi, kara ya tafi danni da girki, abin da ya rage mu tara mu cinna masa wuta lokacin sharar gona. Halittar da abincinta na asali ruɓaɓɓen ganye ne ta farka daga barcin wata bakwai ta tarar da fili fayau, babu abu mai laushi da danshi a cikinsa sai ƙwayar da muka binne jiya. Ina da yaƙinin cewa wani kaso na abin da muke kira muguntarta daga nan ya samo asali, ko da yake na san ƙarancin abincin dabbobi da makamashi ne ya tilasta mana wannan shara, ba son rai ba.

Rinin da ke yatsuna bai gama fita ba sai bayan na kwana bakwai a gida. A tsakiyar watan Yuni aka yi ruwan shuka a wajenmu, na je gonar da yanzu ni da ƙannena muke nomawa, na ɗaga wani tsohon buhu da aka manta a gindin mangwaro, na tarar da guda huɗu a naɗe a ƙarƙashinsa, masu launin ƙasa, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na kira ɗan ƙanena da ke riƙe da fartanya, na juya ɗaya na nuna masa ƙafa huɗu a kowane zobe, muka nemi zobe na bakwai tare muka gane biyu maza ne. Daga nan muka kwashe su a cikin ƙwarya muka kai ramin takin da na sa aka haƙa a kusurwar gona, nesa da kunyoyin gyaɗa, muka rufe su da busasshen ganyen mangwaro, muka yayyafa ruwa a kai.